Shekarar Leclerc ta Farko a Ferrari: Shi Ya Kayar da Vettel ko Gidan Ne Ya Rikice?

Ɗan Autan Hajiya: Salamu alaikum 'yan gida. Jiya an bar mana wuta har dare, sai na zauna na sake kallon tseren motoci na Monza, a Italiya, na 2019 tun daga tashi har ɗaga tuta, zagaye 53. Na san wanda ya ci, amma sai da tafin hannuna ya jiƙe da gumi. Abin da ya sa na kawo maganar: har yau gani nake ba a ba Charles Leclerc haƙƙinsa a kan wannan shekarar ba. Yaro ɗan shekara 21, kaka ɗaya tak ya yi a Formula 1 da Sauber, aka ɗauko shi aka ba shi jar motar Ferrari kusa da Sebastian Vettel, mutumin da ya ci kambun duniya sau huɗu a jere daga 2010 zuwa 2013. Tun ba a tayar da inji ba shugaban ƙungiyar, Mattia Binotto, ya ce idan aka zo wurin zaɓi Vettel za a fifita. Da shekara ta ƙare yaron na da maki 264, babban na da 240. Yaron ya ci tsere biyu, babban ɗaya. Yaron ya kama gurbin farko sau bakwai, ya fi kowa a shekarar, har da Hamilton na Mercedes. Ni a wurina ƙwace gida aka yi da rana tsaka. Wa ke da ja?

Baban Yara: Wa alaikumus salam. Auta, wanda ya yi zagi a kasuwa ya san da wanda yake, to ga ni na fito. Tazarar maki 24 a tsere 21 ita ce ƙwace gida? Ko makin cin tsere ɗaya ba ta kai ba, tunda 25 ake ba na ɗaya. Ka mayar wa Vettel nasarar Kanada, wadda ya riga kowa ƙetare layi amma alƙalai suka ƙara masa daƙiƙa biyar suka miƙa wa Hamilton. Ka tayar masa da motar da ta mutu a Rasha. Sai ka dawo mu yi lissafi.

Ɗan Autan Hajiya: Baba, in za a fara mayar wa kowa abin da ya ɓace masa, ai da Baharain za a fara. Tsere na biyu a jar mota, ya kama gurbin farko. An wuce shi wurin tashi, ya koma na uku, cikin zagaye shida ya karɓe abinsa, har da wuce Vettel ɗin bayan an ce masa ta rediyo ya dakata tukuna. Yana gaba shi kaɗai, saura zagaye goma da 'yan kai, silinda ɗaya ta ɗauke. Hamilton ya wuce, Bottas ya wuce. Ba don motocin Renault biyu sun mutu kusan lokaci guda an fito da motar tsaro, wadda ke hana kowa wuce wani, ba, da na ukun ma bai samu ba. Shi kuma naka a ranar me ya yi? Juyawa ya yi shi kaɗai yana kokawa da Hamilton, fiffiken gaba ya tarwatse, ya ƙare na biyar.

Sabon Shiga: Ku yi haƙuri manya, ni ƙwallo na sani, kwanan nan aka sa ni a nan. Mene ne gurbin farko? Kuma in ƙungiyarsu ɗaya, me ya haɗa su faɗa? Ba kamar 'yan gaba biyu ba ne a kulob ɗaya, kowa ya ci duk namu ne?

Anti Mai Lissafi: Ƙanena sannu da zuwa. Ranar Asabar kowa na fita ya yi zagaye da agogo, wanda ya fi kowa sauri shi ke tsayawa a gaba ranar Lahadi. Wannan shi ne gurbin farko. A nan ake gane tsagwaron gudun direba, don babu wanda ya tare maka hanya, kai ne da mota da agogo.

Tambayarka ta biyu kuwa ita ce gaba ɗayan rigimar. Kambu biyu ake nema, na ƙungiyoyi da na direbobi. A na ƙungiyoyi ana haɗa makin mutum biyun, a nan misalinka na ƙwallo ya yi daidai. Amma na direbobi mutum ɗaya ke ɗauka. Sannan duk filin, motoci ashirin a 2019, mutum ɗaya ne kawai ke tuƙa irin motarka sak, shi ne abokin zamanka. In Hamilton ya wuce ka za ka ce Mercedes ta fi gudu. In abokin zamanka ya wuce ka, bakinka ya mutu. Shi ya sa zamansu ya fi kama da na kishiyoyi, tukunya ɗaya, maigida ɗaya, kowa na lura da abin da aka zuba wa ɗan uwansa.

Sabon Shiga: Na gode Anti. Yanzu na gane.

Baban Yara: Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma a nan nake cewa laifin na maigida ne. Ferrari ba ta san abin da take so ba. A Ostireliya, tseren farko, Leclerc ya cimma Vettel a ƙarshe aka ce ya tsaya a baya, ya tsaya, suka ƙare na huɗu da na biyar. A Chaina aka ce ya ba Vettel hanya, ya ba shi, daga nan dabarar canjin tayarsa ta lalace har Verstappen na Red Bull ya shiga tsakaninsu. To ka ga nan sun nuna akwai babba. Amma bayan hutun watan Agusta sai suka daina faɗin waye babba, kuma ba su ce an daina ba. Ba a sarki biyu a gari ɗaya. Zamanin Schumacher a Ferrari kowa ya san matsayinsa, Barrichello ya san nasa, shi ya sa aka ci kambu biyar a jere. Ba daɗi, amma an ci.

Na Hamilton: Baba, wane kambu za su ci a 2019 ko da mutum ɗaya suka bi? Mercedes ta ci tsere takwas na farko a jere. Ƙarshen shekara Mercedes maki 739, Ferrari 504. Faɗan neman na uku kuke ta yi, shi ma Verstappen ya ɗauke da 278.

Baban Yara: Kai ba da kai ake ba. Je ka ji da mutuminka da ya bi sahunsu ya sa jar riga a 2025.

Na Hamilton: Na yi shiru.

Ɗan Autan Hajiya: Baba, agogo ne ya sauke Vettel, ba Binotto ba. Ta yaya za ka ce wa mutumin da ya kama gurbin farko sau huɗu a jere, Beljiyam, Italiya, Singafo, Rasha, ya riƙa kaucewa?

Anti Mai Lissafi: Auta, ina tare da kai rabi, amma kar ka wanke shi tas. Rabin farko na shekarar yaron ya yi ɓarna da hannunsa. A Baku shi ya fi kowa gudu a gwaje-gwaje, ranar Asabar ya je ya daki katanga a matsattsiyar kwanar nan ta gindin ganuwa, da bakinsa ya ce ta rediyo shi wawa ne. A Monako, garinsu, ƙungiyar ce ta cuce shi, suka bar shi zaune a gareji suna ganin lokacinsa ya isa, aka fitar da shi tun matakin farko na gwajin Asabar. Wannan laifinsu ne. Amma ranar Lahadi shi ya shiga da zafin rai, ya cusa kai inda babu hanya, ya goga da Hülkenberg, taya ta fashe ta yayyaga ƙasan motar. A Jamus ana ruwa, nasara na iya zuwa hannunsa, ya zame ya shige katanga. A ranar Vettel daga na 20 ya tashi ya ƙare na biyu. A Japan ma shi ya daki Verstappen a kwana ta biyu, kuma aka hukunta shi.

Abin da nake yaba masa ba rashin kuskure ba ne. Ba ya ɓoye kuskuren, kuma ba kasafai yake maimaita iri ɗaya ba. Ku dubi Ostiriya. Yana gaba har zagaye na 69 cikin 71, Verstappen ya zo ya tura shi waje a kwana ta uku, tayoyinsu suka haɗu. Alƙalai suka yi awanni suna dubawa, suka ce babu laifi. Wani zai yi wata guda yana ƙorafi. Shi sai ya ce to, ashe haka dokar take. Mako biyu bayan nan a Silverstone ya yi wa Verstappen irin wannan tsaron, gwiwa da gwiwa, bai ba shi ko taki ɗaya a banza ba. Abin da ya koya a Ostiriya shi ya ci masa Monza.

Baban Yara: Yauwa, kin kawo mu wurin. Monza ɗin da Auta ke kallo yana gumi. Ya matse Hamilton har sai da ya bar kwalta wurin shiga kwanar Roggia, aka ɗaga masa tutar gargaɗi mai baƙi da fari kawai. Vettel a Kanada daƙiƙa biyar. Adalci kenan? Sannan ku tuna ranar Asabar. An shirya kowa zai ja ɗan uwansa, Vettel ya yi nasa a fita ta farko, da aka zo fita ta biyu sai aka yi wannan abin kunyar, motoci suka taru suna tafiyar hawainiya kowa na jiran wani ya shiga gaba, har lokaci ya ƙare. Sainz da Leclerc kaɗai suka ƙetare layi kafin agogo ya cika. Vettel bai samu jan da aka yi masa alkawari ba. Daga ranar amana ta fara tsagewa.

Sabon Shiga: Ja kuma? Da igiya?

Mai Sifana: Haha, a'a ɗan uwa. Ka taɓa bin bayan tirela a babur a kan babban titi ka ji iska ta daina dukan ƙirjinka, babur ɗin ya ƙara sauƙi? Shi ne. Motar gaba ke fasa iska, ta baya ta laɓe a ramin. A Monza, inda miƙaƙƙiyar hanya ta yi yawa kuma gudu na haura kilomita 340 a awa, wannan laɓewar kaɗai na iya raba na ɗaya da na biyar. Kar ka gwada da tirela dai.

Ɗan Autan Hajiya: Baba ka faɗi Asabar, ka tsallake Lahadi. Wa ya juya shi kaɗai a kwanar Ascari, ya dawo kan hanya bai duba ba ya daki Stroll, aka ba shi hukuncin tsayawa daƙiƙa goma, ya ƙare na 13? A gaban 'yan Italiya fa. Shi kuwa yaron an sa masa taya mai tauri, Mercedes biyu na kan mai laushi-laushi suna karɓa-karɓa a bayansa. Hamilton ya bi shi kusan zagaye ashirin har tayarsa ta gaji ya zarce a kwanar farko, Bottas ya karɓa, shi ma bai iya ba. Ƙasa da daƙiƙa ɗaya ya ba shi. Rabon Ferrari da cin Monza tun Alonso a 2010. Ka ga yadda jama'a suka cika titin da ja a ƙarƙashin dandamali kuwa?

Ɗan Damagaram: Salamu alaikum. Na daɗe ina karantawa, bari in sa baki. Mu nan da Faransanci muke kallo a tele, kuma su masu sharhin sun san yaran nan tun suna tseren ƙananan motoci, don haka akwai abin da suka riƙa faɗa wanda lissafin maki ba ya nunawa.

Kuna ta Monza, amma ni Spa ta Beljiyam ce ba na mantawa, mako ɗaya kafin nan. Ranar Asabar 31 ga Agusta 2019, a tseren Formula 2, gasar da ke ƙasa da Formula 1, Anthoine Hubert ya yi haɗari ya rasu, yana da shekara 22. Tare suka taso, shi da Leclerc da Gasly da Ocon, tun suna yara. Washegari aka ce Leclerc ya shiga mota a gurbin farko, ya bi ta wannan hawan da abokinsa ya mutu, sau 44. A zagaye na 19 jama'a suka miƙe suna tafi, lambar motar mamacin kenan. Leclerc ya ci, nasararsa ta farko, ɗan Monako na farko da ya ci tseren gasar duniya, kuma mafi ƙarancin shekaru da ya taɓa ci wa Ferrari. Bai yi murna ba. Ya fito ya nuna sama.

Kuma ba shi ne karo na farko ba. Jules Bianchi, wanda yake kamar yayansa kuma ubangidansa, ya yi haɗari a Suzuka a 2014, ya rasu a 2015. Shi ake ganin zai hau jar motar nan. Mahaifin Leclerc kuma ya rasu a watan Yuni 2017, kwanaki kaɗan kafin tseren Baku na Formula 2, ya je ya ci babban tseren, ya kuma ɗauki kambun shekarar. To mutumin da ya sha wannan tun bai kai 22 ba, kuna ganin harara daga garejin Vettel za ta hana shi barci? Ni ina ganin abin da Ferrari ba ta auna ba kenan. Sun zaci yaro suka kawo wanda zai yi shekara biyu yana koyo.

Baban Yara: Wannan gaskiya ne Malam, ranar ba ta da daɗi ga kowa. Amma tunda ka kawo Spa, a rubuta cewa Vettel ne ya ba shi hanya da aka umarce shi, sannan ya tsaya ya tare Hamilton na wasu zagaye. Tazarar ƙarshe ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Ba don wannan tarewar ba, da labarin ya canza. Babban da ake cewa an kayar, shi ya riƙe masa tsani.

Ɗan Damagaram: Ban musa ba, Alhaji. Ya yi halin manya a ranar.

Mai Sifana: Ni duk kun bar inda gizo ke saƙa. Kuna ta direba, direba, ba wanda ya buɗe bonet. Motar shekarar, SF90, a miƙe babu mai kama ta, a kwana kuwa ba ta da riƙo kamar Mercedes. Shi ya sa ta sha wuya a Hungari, aka ba su tazarar minti guda, ta zo Spa da Monza ta zama zaki. Nasarorin yaron biyu duk a hanyoyin da inji ke magana ne.

To ina ƙarfin ya fito? Dokar lokacin ta ce mai ba zai wuce kilo 100 a awa ba wurin shiga inji, akwai na'urar da ke aunawa. Sauran ƙungiyoyi suka fara gunaguni, Red Bull ta aika wa FIA, hukumar da ke kula da gasar, tambaya, FIA ta fitar da ƙarin bayanin doka dab da tseren Amurka. A tseren nan Ferrari ta yi sanyi, har Verstappen ya yi musu habaicin cewa haka ake gani in an daina maguɗi. Ferrari ta ƙaryata. A Abu Dhabi aka ci su tarar Yuro 50,000 saboda man da suka ce sun zuba wa motar Leclerc bai yi daidai da wanda aka auna ba. Sai a watan Fabrairu 2020 FIA ta ce ta gama bincike, sun yi sulhu da Ferrari, kuma ba za a bayyana abin da ke ciki ba. Ƙungiyoyi bakwai suka yi wasiƙar ƙin amincewa. Ba a taɓa cewa an kama su da laifi ba, kar a ce na ce. Amma 2020 ta zo, motar ta koma ta shida a ƙungiyoyi, abin da ba su gani ba tun 1980. Ni bakanike ne. In mota ta zo min jiya tana tashi sama, yau an ɗaure wani abu ta koma tafiyar kura, ba sai an faɗa min ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ɗan Autan Hajiya: Oga, na ji, amma injin nan ai ba a motar Leclerc kaɗai aka sa shi ba. Iri ɗaya ne da na Vettel. In ya ba yaron gurbin farko bakwai, me ya sa ya ba babban biyu?

Mai Sifana: Nan ka kama ni. Amsar da zan iya ba ka ita ce bayan motar. Vettel mutum ne mai son bayan mota ya zauna daram, da haka ya ci kambunansa a Red Bull, yana taka totur tun kwana ba ta ƙare ba. In baya na rawa sai ya rasa natsuwa, shi ya sa kake ganin juye-juyen nan. Leclerc kuwa yana iya zama da mota mai wutsiya, yana gyara ta da hannu. Akwai yaron da na taɓa koya wa aiki, shekara uku yana wanke min sifana. Ranar da motocin zamani masu kwamfuta suka fara zuwa, ni ina kasa kunne ina sauraron inji, shi ya jona na'ura ya gano matsalar kafin in gama gyara tsayuwa. Ban manta aiki ba, aikin ne ya sauya hannu. Na ji haushi fa, ba zan ɓoye ba.

Anti Mai Lissafi: Kuma ba wannan ne karon farko da sabon zuwa ya yi wa Vettel haka ba. 2014, Ricciardo ya zo Red Bull, ya ci tsere uku, Vettel bai ci ko ɗaya ba, maki 238 da 167. Ƙarshen shekarar ya tattara ya koma Ferrari.

Baban Yara: Hajiya, yau kin haɗa kai da yara.

Anti Mai Lissafi: Alhaji, lambobi ne, ba ni ba.

Na Hamilton: In an yarda in dawo. Ku dubi ɗaya yaron na shekarar, don a san ba kowa ake sa wa a babbar mota ya yi abin da Leclerc ya yi ba. Pierre Gasly, shi ma 2019 aka ɗaga shi zuwa Red Bull. Tsere 12 kawai aka ba shi. Maki 63, Verstappen 181. A Ostiriya abokin zamansa ya zagaye shi cur, a mota iri ɗaya. Hutun Agusta aka mayar da shi Toro Rosso, ƙaramar ƙungiyar Red Bull, aka ɗauko Albon. Mutumin nan ba rago ba ne, ya zo na biyu a Burazil a ƙaramar motar, ya ci Monza a 2020. Amma babban gida ya haɗiye shi. Ni wanda na sani ya shiga babban gida ya girgiza mai kambu tun ranar farko, sai nawa a 2007, shi da Alonso maki 109 da 109.

Ɗan Autan Hajiya: Dole sai ka sako shi.

Baban Yara: To bari in faɗi abin da ya fi ci min rai, sai in tafi masallaci. Singafo. Kowa na cewa an yi wa Leclerc fashi. Me ya faru? Vettel na na uku, aka kira shi canjin taya a zagaye na 19 don kar Verstappen ya sha gabansa. Ya fito da sabuwar taya ya yi zagayen da ba wanda ya zata, Leclerc ya shiga a na 20, ya fito ya tarar da shi a gaba. Ƙungiya ta tashi daga na ɗaya da na uku ta koma na ɗaya da na biyu. Ina laifi? Yaron ya cika rediyo da ƙorafi. Sai Rasha, mako ɗaya bayan nan. Aka shirya Leclerc zai bar Vettel ya laɓe a bayansa wurin tashi don su wuce Hamilton, daga baya a mayar masa da gurbinsa. Vettel ya wuce, kuma ya fi shi gudu a fili, yana ta ba shi tazara. Aka ce ya kauce. Ya ce yaron ya matso tukuna, Hamilton na kusa. Ni ban ga rashin hankali a nan ba.

Anti Mai Lissafi: Alhaji, alkawari alkawari ne. Ba a ce "in ka fi shi gudu ka riƙe" ba. A Monza ka ce an ci amanar Vettel, a Rasha kuma ka ce dabara ce. Zaɓi ɗaya. Kuma ƙarshenta wa ya ci riba? Suka musanya su ta wurin canjin taya, motar Vettel ta mutu, aka rage wa kowa gudu, Hamilton ya shiga ya canza taya a arha ya fito gaba. Leclerc na uku. Motar Ferrari ce ta ba Mercedes nasara.

Burazil kuwa ba ma sai an yi musu ba. Zagaye na 66 cikin 71, suna neman na huɗu. Leclerc ya wuce shi tsaf a kwanar farko. Vettel ya dawo a miƙaƙƙiyar hanya, ya ɗan karkato hagu, tayoyi suka taɓa. Taɓawa kaɗan fa, amma ƙafar gaban Leclerc ta karye, tayar bayan Vettel ta fashe. Duka biyu waje. Alƙalai suka ce ba wanda ya fi wani laifi, amma duk mai ido ya ga motar da ta matsa.

Baban Yara: Ya matsa, na yarda. Yaron ma yana da fili a hagunsa.

Ɗan Damagaram: Ferrari dai ta yanke nata hukuncin. Disamba 2019 ta ba Leclerc kwantiragi har 2024. Mayu 2020, ba a ma fara tseren shekarar ba saboda korona, aka sanar Vettel zai tafi, Sainz zai zo. Vettel da kansa ya ce ba a taɓa miƙa masa tayin sabuntawa ba. A 2020 ɗin, a mota marar ƙarfi, Leclerc maki 98, Vettel 33.

Baban Yara: Mutumin da aka sallama tun kafin a fara, da wace zuciya zai yi tuƙi? Kuma gidan da Auta ke cewa an ƙwace, me aka samu a ciki? Daga Monza 2019 yaron bai sake cin tsere ba sai Baharain 2022. Rabon Ferrari da kambun direbobi tun Räikkönen a 2007, mutumin da aka cire don a ba Leclerc kujera.

Ɗan Autan Hajiya: Baba wannan kuma muhawarar wata rana ce. Ya ci Monako a 2024, ya sake cin Monza a shekarar.

Mai Sifana: An kawo min mota, sai anjima. Auta, ka ƙyale Baba haka nan, ya kusa makara salla.

Sabon Shiga: Kafin ku watse, in tsere ɗaya zan nema in kalla daga shekarar, wanne?

Ɗan Autan Hajiya: Monza.

Anti Mai Lissafi: Baharain. A nan komai ya fara.

Baban Yara: Yaro, rabu da su. Nemi Singafo, ka fara daga zagaye na 19. Ita ce nasarar Vettel ta 53, kuma bai sake cin wata ba. Na tafi, an tayar da iƙama.